Inda Muryar Anti Amshi Ke Karyewa

A situdiyon da ke hawa na biyu, saman shagon masu sayar da taya, ba wanda ke kiran ta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Anti Amshi kowa ke cewa, har masu tayar da ke ƙasa. Shekara goma sha tara ta yi tana hawa matakalar nan, ta shiga ɗan ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso, ta maƙala abin ji a kunne, ta tsaya gaban makirfo ta yi wa waƙoƙin mutane amshi. Sunanta bai taɓa fitowa a jikin faifai ba, kuma hakan bai taɓa hana ta barci ba. Mawaƙa da yawa sun zo sun wuce a gabanta. Wasu sun yi suna har sun daina amsa gaisuwa, wasu sun koma sayar da katin waya, ita kuwa tana nan da jakarta da filas ɗinta na ruwan ɗumi.

Abin da ya sa ake neman ta shi ne hawa. Idan waƙa ta kai inda za a ɗaga murya, mawaƙi ya fara miƙa wuya yana zare ido, sai a ce a kira Anti. Takan taso daga ƙasa ta haye har ƙololuwa sumul, ba ka jin inda ta canja. Mai haɗa sautin, wani mai sanƙo da ake ce wa Injiniya, yakan ce ita kaɗai ce ba ya gyara wa komai a kwamfuta. Ba ta koya wurin kowa ba. Tun tana yarinya a bakin famfo take yi, in kuma an tambaye ta yadda take yi, sai ta ce ita dai baki take buɗewa.

A gida ma haka take. Maigidanta direban motar ma'aikatan wani kamfani ne, mutum mai sanyin hali, mai irin muryar da in ya ce zai yi waƙa yara ke haɗa shi da Allah ya bari. Tun daga bakin layi yake sanin abin da matarsa ke yi, don waƙar wanki daban, ta shara daban. In kuwa ya ji shiru, to wani ya taɓo ta, sai ya shiga a hankali.

Tana da shekara arba'in da uku wani ƙulli ya fito mata a gaban wuya. Da farko ta riƙa rufe shi da mayafi, har ya kai in ta kwanta rigingine numfashi na yi mata wuya. Likita ya ce maƙoƙo ne, sai an yi aiki. Bai ɓoye mata ba, ya ce wurin na dab da jijiyoyin murya, shi ya sa wasu kan tashi da ɗan canji. Ta sa hannu a takarda. Aikin ya yi kyau. Bayan wata guda tana magana kamar da, tana yi wa yara faɗa kamar da, kowa ya yi hamdala.

Da ta cika wata uku ta koma situdiyo. Waƙar wata matashiya ce, mai sauƙi, irin wadda a da takan gama kafin ta buɗe filas. Ta ɗauko amshin daga ƙasa lafiya lau. Tana zuwa tsakiyar hawan sai muryar ta tsinke, ta yi wata 'yar ƙara irin ta ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba, sannan ta ɓullo can sama siririya kamar ta wata matar daban. Ta cikin gilashi ta ga matashiyar ta sunkuyar da kai tana latsa waya. Injiniya ya ce a sake ɗauka. Sau shida ana sakewa, kuma kullum a wuri guda take karyewa, ko ta ƙara ƙarfi, ko ta kurɓi ruwa. A na bakwai ya danna abin magana ya ce kada ta damu, zai ɗinke wurin a kwamfuta. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ta cire abin jin, ta rataye shi a ƙusarsa, ta ce masa tana zuwa. Ba ta koma ba.

Ta fara zama a shagon ƙanwarta, inda ake sayar da bokitai da robobi. Ta iya ciniki, ba ta ɗaure wa kowa fuska, amma waƙa ko a banɗaki ta daina. In rediyo ya sako wata tsohuwar waƙa da muryarta ke ciki, sai ta tuna tana da aiki a waje. Injiniya ya kira har ya gaji. Maigida bai matsa mata ba. Sau ɗaya dai, suna shan shayi da safe, ya ce gidan ya koma kamar ɗakin jiran likita, ita kuma ta ce masa ya sha shayinsa zai makara.

Ana cikin haka aka kawo musu Baffa, ƙanen mahaifinta. 'Yarsa da yake zaune wurinta aka tura kwas na wata huɗu wani gari, ba mai kula da shi. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da shida, dogo, kunnensa na hagu ya mutu, haƙoransa na gaba duk sun zube. A dangi an san shi da abu biyu: faɗa, da wani baƙin akwati da ba ya barin kowa ya taɓa. Kowa ya san begila ce a ciki, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana busa ta a badujalar 'yan sanda, amma ba yaron da ya taɓa jin ya busa. Ita yakan kira ta Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, kuma ita kaɗai ce in ta ce ya sha magani yake sha ba gardama. Ta gyara masa ɗakin da ke kusa da igiyar shanya.

Wata safiya, yara sun tafi makaranta, maigida ya fita, tana shanya zanin gado. Ta duba ba kowa sai tsoho mai kunne ɗaya, sai ta ce bari ta gwada ko Allah ya sa abin ya wuce da kansa. Ta ɗauko wani amshi ƙasa-ƙasa, ta hau, muryar ta karye a inda ta saba. Ta yi tsaki ta ɗauki bokiti.

"Uwata," ta ji daga bayan labule, "sake yi in ji."

Kunya ta kama ta. Ta ce ba komai ba ne, Baffa, maƙogwaro take gyarawa. Ya ɗaga labulen ya fito da sandarsa, ya juyo mata da kunnen dama, ya tsaya yana jira kamar mai jiran canji. Dole ta sake. Ya sa ta yi sau uku, sannan ya nemi kujera ya zauna.

"Wa ya ce miki muryarki ta tafi? Ta ƙasa na nan, ta sama na nan. Mahaɗinsu ne ya saki."

Ya sa ta ɗora tafin hannu a ƙirji ta ja sauti mai kauri, ya tambaye ta me ta ji. Ta ce ƙirjin na rawa. Ya ce ta riƙa hawa a hankali kada ta ɗauke hannun. Tana hawa tana jin rawar na raguwa, har ta bar ƙirjin ta koma wajen bayan hanci da goshi, kuma daidai nan muryar ta tsinke. Ya ce to kowane ɗan Adam murya biyu gare shi, ta ƙirji da ta kai, da gaɓa a tsakaninsu. Ita Allah ya ba ta tsallake gaɓar tun tana yarinya ba tare da ta san akwai ta ba, yanzu da aka taɓa wuyan dole ta koyi abin da a da take yi a banza. Ya ce ba begila kaɗai suke yi a badujala ba, har rera waƙar fareti, kuma malaminsu kan tsayar da ƙarti arba'in a rana saboda wannan gaɓar. Laifinta, in ji shi, in ta hango wurin sai ta tsorata, ta ɗaga haɓa, ta tattaro ƙarfin ƙirji ta ce sai ta tura shi sama da tsiya.

Ta tsaya da bokiti a hannu tana kallon sa. Shekara nawa da sanin sa, ga shi yanzu tana kai masa abinci tana wanke masa kaya, ba ta taɓa zaton akwai wannan a cikin kansa ba.

Bai yarda sun fara ba sai da ta koma asibiti. Ya ce shi mabushi ne, ba likita ba, ba zai sa ta yi aiki da abin da bai warke ba. Likitan ya leƙa maƙogwaron da 'yar kyamara, ya ce komai na motsi, ɓangare ɗaya ne dai ya ɗan yi kasala, motsa shi a hankali zai taimaka in ba a wuce gona da iri ba.

Darasin farko ya kusa sa ta fasa. Cewa ya yi ta saki leɓɓanta ta hura su suna karkarwa, burrr, irin na yaro mai wasan mota, ta hau da shi sama ta sauko. Mace mai 'ya'ya uku, babbar har ta yi aure. Rana ta biyu maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga tana tambaya babur ɗin wa ne ya ƙi tashi tun jiya. Bayan wannan ya sa aka samo kwalba da rabin ruwa da tsinken shan lemo, ta riƙa hura sauti ta cikinsa ruwan na ɓulɓula, daga ƙasa zuwa sama, kumfar kada ta yi tsalle kada ta tsaya. Sai gunji da baki a rufe. Duk minti goma ne, sau uku a rana, kuma da ta ji ƙaiƙayi a wuya an tashi ke nan. Abin mamaki, a cikin kwalbar da kan leɓɓan, muryar kan wuce gaɓar ba ta karye ba. Da ta buɗe baki ta sa kalma, sai ta watse.

Ya ce to a nan aikin yake. In ta doso wurin ta rage ƙarfi maimakon ta ƙara, iskar dai kada ta yanke. Ta fara shigo da muryar kai tun kafin a kai gaɓar, ba sai an iso ba. In kalmar na da baki buɗe, ta ɗan tattara leɓɓa kamar za ta ce "o". Haɓa kuwa, da ya gaji da magana, sai ya ɗora mata littafin lissafin autanta a ka, ya ce in ya faɗo ta sake daga farko. Littafin ya sha ƙasa har bangonsa ya cire. Maigida ya shigo wata rana ya tarar da matarsa tsaye da littafi a ka tana burrr, ya juya ya fita, ya yi dariyarsa a waje ya dawo da fuskar mutunci. Daga baya ya faɗa mata shi ma ya gwada a mota yana jiran ma'aikata, har maigadin kamfani ya zo ya ce ko a tura.

A sati na biyar haƙurinta ya ƙare. Ranar ba abin da ya yi kyau, har kwalbar ta ƙi. Baffa na ta cewa ta sake, ta rage, ta sauke haɓa. Ta ajiye kwalbar da ƙarfi har ruwan ya fantsama, ta ce ta gaji da wasan yara, kuma faɗa da baki ai ba wuya, shi da ko busa ɗaya ba ya iyawa yanzu. Tana rufe baki ta san ta yi ɓarna. Tsohon ya dogara sandarsa ya shige ɗaki. Abincin rana da ta kai masa, yadda ta ajiye haka ta ɗauke.

Washegari da hantsi ya kira ta. Ta shiga ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta tarar da baƙin akwatin a buɗe kan gado. Begilar na kwance a cikin jan ƙyalle, tana ƙyalli kamar jiya aka saye ta. Ya ce ta zauna. Ya ba ta labarin shekararsa ta ƙarshe a aiki, lokacin da haƙoran suka fara zubewa aka sa masa na roba. Ranar wani babban fareti, fili ya cika, an yi tsit ana jiran busarsa shi kaɗai, ya ɗaga begila, sautin ya fashe masa a sama. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi masa faɗa. Ya dawo gida ya sa ta a akwati, haƙoran robar ya jefa su a kwata. Sai bayan shekaru ya haɗu da wani abokin aikinsa da irin haka ta samu, shi abokin ya zauna ya sake koyo daga farko kamar sabon kurtu, shekara guda, ya ci gaba da busarsa.

"Gaskiya kika faɗa jiya, ba na iyawa," in ji shi. "Amma ba haƙori ne ya hana ni ba, girman kai ne. Na yi fushi da ita shekara ashirin, ita ko a jikinta. Da na ji ki a wajen shanya, kaina na ji. Shi ya sa na matsa miki."

Ta fashe da kuka, ta ce ya yafe mata don Allah. Ya ce ya yafe, amma kukan ya isa haka, yana kumbura maƙogwaro, ta je ta ɗauko kwalba.

Abin bai zo da wani shiri ba. A sati na goma sha ɗaya ne, da safe, tana soya ƙwai, hankalinta na kan kaskon, tana rera wani tsohon amshi ba tare da ta san tana yi ba. Maigida na zaune a bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi. Sai ta ga ya tsaya da igiyar a hannu yana kallon ta. Ta ce lafiya? Ya ce ta haye. Ta ce ina? Ya ce can inda take faɗuwa, yanzun nan ta wuce shi bai ji komai ba. Ta sake gwadawa da saninta, ta karye. Ta kuma gwadawa a hankali, da leɓɓa a tattare, sai ga ta a sama. Ta bar kaskon a wuta ta zauna a kan turmin da ke gefe. Daga ɗaki Baffa ya ɗaga murya ya ce ya ji, kada ta cika baki, kuma ƙwan na ƙonewa.

Kashegari abin ya gudu, jibi ya dawo. Haka ya yi ta yi mata wasan ɓuya kusan wata guda kafin ya zauna. Lokacin da 'yar Baffa ta dawo daga kwas ta zo ɗaukar sa, Anti na iya hawa sau goma ta karye sau ɗaya. Ta haɗa masa kayansa da kanta, ta riƙe baƙin akwatin har mota, bai hana ta ba. Ta so ta yi masa godiya mai tsawo, ta shirya maganar tun asuba, amma da ta durƙusa a jikin ƙofar motar sai kawai ta ce Allah ya saka da alheri, Baffa. Ya ce amin, kuma minti goma, sau uku, ko ranar da take ganin ta iya.

Ta kira Injiniya da kanta. Kafin ta shiga ɗakin soso ta gaya masa gaskiya: can ƙololuwar da take kaiwa a da, mataki biyu na ƙarshe, ba su dawo ba, kuma ba ta jin za su dawo. In waƙa na buƙatar su, ya ba wata. Ya ce ya ji. Suka ɗauki amshin farko, ya saurara, ya sake saurara, sannan ya ce muryar ta yi wani irin kauri a tsakiya da ba ta da shi a da, kamar an ƙara mata madara. Ta ce ya bar zaƙin baki ya danna na gaba.

Yanzu tana da shekara hamsin da ɗaya. Kwana uku take zuwa situdiyo a mako, sauran ta taya ƙanwarta a shago. Wani aiki kuma ya same ta da ba ta nema ba. Duk mawaƙin da ya shiga ɗakin ya fara miƙa wuya yana shaƙewa a hawa, Injiniya kan tsayar da kiɗa ya ce ya je ya ga Anti. Takan zaunar da shi a kan benci, ta sa ya ɗora hannu a ƙirji. Wasu kan ji kunyar yin burrr a gaban mutane, musamman masu tabarau da sarƙa, sai ta fara yi da kanta har su saki jiki. Ba ta yi wa kowa dariya in muryarsa ta fashe. In an ce ina ta koya, takan ce wurin ƙanen babanta, ta faɗi aikinsa da shekarun da ya yi yana yi, ko mai tambayar bai nemi sani ba. Ta sha gaya wa maigida cewa ba ta fatan kowa ya kwanta a yanka masa wuya, amma da ba a yanka nata ba, da ta mutu ba ta san abin da Allah ya ba ta ba, kuma da Baffa ya tafi da abin da ke kansa ba wanda ya tambaye shi.

Duk ranar Lahadi da yamma takan je gaishe shi. Ƙafa ta yi masa nauyi, ba ya fita, amma bakin na nan. Wani zuwa da ta yi a bara, ta tarar da tsofaffi uku zaune a falon, kowa da sandarsa. Abokan aikinsa ne na badujala, waɗanda suka rage. Ashe aika musu ya yi takanas. Ya nuna ta da haɓa ya ce ga 'yar da yake ba su labari, ya ce ta tashi ta yi musu wani abu mai hawa. Ta ajiye jaka, ta tsaya a tsakiyar falon kusa da firiji, ta rera. Ba ta karye ba. Da ta gama, mai gangan cikinsu ya ce madalla, sai dai ta ɗauko shi da ɗan sauri. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, daidai ta ɗauko, shi ne dai tun suna aiki yake jan ƙafa. Na ukun, wanda barci ya fara ɗauka, ya farka ya goyi bayan wanda bai ji me ya ce ba. Gardama ta kaure, aka tono laifin wani fareti na shekara arba'in da suka wuce, aka manta da ita tsaye. Baffa na tsakiyarsu yana buga sanda a ƙasa, yana dariya da bakinsa ba haƙori. Ta zame ta shiga kicin, ta ce wa 'yarsa ta ɗora ruwa, tsofaffin nan ba yanzu za su tashi ba.